Faffaɗar Taya da Wili Mara Nauyi a Motar Gudu: Yadda Ake Lissafin Kafin a Ciro Kuɗi

Duk wanda ya mallaki Toyota 86, ko 'yar'uwarta Subaru BRZ, ba ya daɗewa sai ka ji ya fara zancen taya. Da dalili. Lokacin da motar ta fito a 2012, kamfani ya ɗora ta a kan taya mai lamba 215/45R17, wato mai faɗin milimita 215, ƙirar Michelin Primacy HP, irin wadda ake samu a wasu Prius. Siririya ce, robarta kuma ta tanadin mai ce, ba ta damƙar kwalta ba. Da gangan aka yi haka, don bayan motar ya riƙa zillewa cikin sauƙi a kwana, direba ya ji daɗin wasa da ita. To amma mai motar da yake son ta kama ƙasa da gaske, birki ya riƙa ci nan take, dole wata rana ya tsaya gaban mai sayar da wili.

Da wannan motar zan yi misali tun daga farko har ƙarshe, domin lissafi ba ya zama a kai sai da lambobi na gaske. In taka Mustang ce ko Nissan 350Z ko Mazda MX-5, hanyar ɗaya ce, lambobin ne kawai za su sauya.

Mataki na farko: ka san abin da faɗi yake saya maka

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in taya ta ƙara faɗi, robar da ke taɓa ƙasa ta ƙaru da gwargwadon haka. Ba haka abin yake ba. Girman wurin da taya ke taɓa kwalta ya fi dogara ga nauyin mota da yawan iskar da ke ciki. Motar 86 tana da nauyin kusan kilo 1,250, wato kowace taya tana ɗauke da kilo 310 da 'yan kai. A kan gejin iskar da kamfani ya rubuta, 35 a ma'aunin psi, wurin da ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. In ka sa mai faɗin milimita 245, wannan tafin hannun ba ya ninkawa. Siffarsa ce take sauyawa, ya gajarce ta tsawo ya baje ta gefe. Amfanin bajewar shi ne a kwana tayar ba ta lanƙwashewa sosai, zafi kuma yana rarrabuwa, ba ya taruwa wuri guda.

Ribar gaske ce, amma ba ta kai ribar sauya irin robar ba. Taya 215 mai robar kirki, kamar Michelin Pilot Sport 4, za ta bar 245 mai arha a baya, a birki da a kwana. Ko da kamfanin ya fito da GR86, wadda ta gaji 86, mai injin lita 2.4, bai ƙara faɗi ba ko da milimita ɗaya, sai ya ba babban samfurin Pilot Sport 4 mai lamba 215/40R18.

Faɗi kuma yana da harajinsa. Yana ƙara shan mai. Sitiyari yana ƙara nauyi, kuma a titin da manyan motoci suka kwarɓe, za ka ji motar tana bin sawun tirela da kanta, kana fama da ita. A damina, faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwan da ya kwanta, domin ruwan da za ta ture ya fi yawa. Sannan injin 86 ƙarfin doki 200 ne kawai. In ka ɗora masa takalmin da ya fi ƙarfinsa, motar za ta kama ƙasa amma ta yi sanyi wajen tashi, wasan da aka san ta da shi ya tafi.

Saboda haka ka tambayi kanka tun yanzu: motar ta zirga-zirgar gari ce da tafiyar ƙarshen mako, ko kuwa za ta riƙa shiga filin tsere? Ta farko ƙarin milimita 10 ya ishe ta. Ta biyu ce take da hujjar 245.

Mataki na biyu: kwafe lambobin motarka

Kafin ka je kasuwa, ɗauki takarda da biro. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin mai ɗauke da girman taya da gejin iska. Sannan ka kwance wili ɗaya ka juya bayansa, za ka ga rubutu a jikin ƙarfen. Na 86 zai nuna maka 17x7 da kuma 48, wani lokaci a rubuce ET48.

Abubuwa biyar kake nema. Girman wili da faɗinsa, inci 17 da inci 7. Ofset, wato 48 ɗin nan, wanda za mu daɗe a kansa nan gaba. Tsarin ramukan noti, wanda ake rubutawa 5x100, ma'ana ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Faɗin ramin tsakiya, milimita 56.1. Sai zaren noti, M12x1.25.

A nan akwai tarko biyu da sunan Toyota yake jefa mutane ciki. Motar Subaru ce ta ƙera ta a masana'antarta ta Gunma a Japan, don haka ma'aunin ƙafarta na Subaru ne. Wilin Camry 5x114.3 ne, ba zai shiga ba sam. Wilin Corolla da yawa kuwa 5x100 ne, ramukan sun yi daidai, sai dai ramin tsakiyarsa 54.1 ne, ya gaza da milimita biyu, ba zai zauna a kan hob ba, wato ƙarfen da ake ɗaura wili a jikinsa. Kuma notin yawancin Toyota zarensa 1.5 ne. In yaron shago ya ɗauko shi ya tura da ƙarfin bindigar iska, ya cinye maka zaren ƙusa ke nan.

Mataki na uku: zaɓi taya, ka riƙe tsayinta

Taya ake fara zaɓa, sannan a nemo mata wili. Dokar da ba a karyawa ita ce tsayin tayar gaba ɗaya kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin 100, in son samu ne ma ya tsaya ƙasa da kashi 2. Agogon gudu, na'urar hana birki kullewa da na'urar hana zamewa duk da juyawar taya suke lissafi.

Ga yadda ake yi. A 215/45R17, 215 faɗi ne a milimita, 45 kuma tsayin bangon taya ne a matsayin kaso na faɗin. Kashi 45 na 215 ya ba da 96.75. Bango biyu ne, sama da ƙasa, ya zama 193.5. Inci 17 milimita 431.8 ne. Jimla 625.3. Wannan shi ne ma'auninka.

Yanzu gwada sauran. 225/45R17 tana ba da 634.3, ƙarin kashi 1.4. 245/40R17 tana ba da 627.8, ƙarin da bai kai rabin kashi ɗaya ba, shi ya sa masu shiga filin tsere suka fi son ta. 235/45R17 tana kai 643.3, ta tsaya a bakin iyaka, ga ta da tsayin da zai iya gogar madigadi. Ka lura da abin da ya faru da 245: da faɗi ya ƙaru sai lambar tsakiya ta sauka zuwa 40, amma bangon ya kasance milimita 98, kusan daidai da na asali.

Sai maganar inci 18, wadda ita ce take ruɗar ido. Ba na musun kyau. Amma 225/40R18 bangonta milimita 90 ne, 225/45R17 kuwa 101. Wannan bambancin na milimita 11 shi ne katifar da ke tsakanin gefen wilinka da bakin rami. Wanda yake tuƙi a hanyoyin Jamus yana iya yafe ta. Wanda zai faɗa ramin da ruwan Agusta ya ɓoye, da dare, a kan gudun 80, bai kamata ya yafe ba. Ƙari a kan haka, wili 18 ya fi 17 nauyi, tayarsa kuma ta fi tsada. In ba birki ka faɗaɗa har 17 ya kasa rufe shi ba, ka tsaya a 17.

Mataki na huɗu: faɗin wili da ofset

Kowace taya tana da iyakar faɗin wilin da aka yarda ta hau. 215/45 tana zama a kan inci 7 zuwa 8. 225/45 daga 7 zuwa 8.5. 245/40 daga 8 zuwa 9.5. Motar gudu ta fi son ɓangaren sama na wannan iyaka, domin bangon taya yana miƙewa tsaye, sitiyari ya riƙa amsawa da wuri. In ka cusa 245 a wili mai inci 7, tayar za ta kumburo kamar bulo-bulo, tsakiyarta kaɗai ke aiki, ka biya kuɗin faɗi ba ka samu faɗin ba. Salon ja da siririyar taya a kan faffaɗan wili har gefen ƙarfe ya fito fili kuwa, ado ne na hoto, ba na hanya ba.

Ofset shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da take manne wa hob. Lambar in ta yi girma, wili yana nutsewa ciki. In ta ragu, yana leƙowa waje. Lissafinsa da sauƙi: raba faɗin wili biyu, ka ƙara ofset ka sami abin da ya shiga ciki, ka debe ofset ka sami abin da ya fito waje.

Na asali, inci 7 milimita 177.8 ne, rabinsa 88.9. Ciki 136.9, waje 40.9. Ɗauki 17x8 mai ofset 45: rabinsa 101.6, ciki 146.6, waje 56.6. Wato ya matsa kusa da shokazoba da kusan milimita 10, ya leƙo waje da kusan 16. Wannan motar tana haɗiye shi ba tare da an taɓa komai ba. Amma duba 17x9 mai ofset 42: ciki ya ƙaru da 19, waje da 31. In kuma ka sauko zuwa ofset 35 don ka guje wa shokazoba, cikin ya ragu zuwa ƙarin 12, waje ya kai 38. Nan ne ake fara maganar kwantar da kan taya ciki da gyaran alaimen, wani lokaci har da nannaɗe leɓen madigadi.

Kada ka tsaya ga takarda kaɗai. Ɗaga motar da jak, ka sa hannu ta bayan tayar gaba ka auna tazarar da ke tsakaninta da jikin shokazoba, da abin awo na tela ma ya isa. Abin da za ka ƙara ta ciki dole ya bar aƙalla milimita 5 zuwa 6 a sake, domin taya tana motsi a kwana. Ta waje kuma, jingina miƙaƙƙen katako a leɓen madigadi ya sauko, ka auna abin da ya rage zuwa jikin taya.

Rage ofset da yawa yana da wata illa da ba a gani da ido. Yana fitar da tsakiyar taya nesa da inda injiniyoyi suka tsara, sai sitiyari ya riƙa fizgar hannu duk sanda ka taka rami ko ka yi birki a hanya mara daidaito, boris kuma ya riƙa ɗaukar wahalar da ba tasa ba. Ni ina ƙoƙarin kada in kauce wa ofset na asali da fiye da milimita 10 a motar da ake hawa kullum.

Wani zai ce a sa faffaɗa a baya, siririya a gaba, kamar Porsche 911. Ita 911 injinta a baya yake, nauyin can ya taru. 86 da girma ɗaya ta fito a ƙafa huɗu. In ka faɗaɗa baya kaɗai, gaban zai riƙa turjewa ya miƙe a kwana, ka kuma rasa damar musanya tayoyin gaba da na baya don su ci daidai.

Mataki na biyar: wilin kansa

Nauyin wili ba kamar nauyin kaya a but yake ba. Yana ƙasan sifirin ne, don haka duk sanda taya ta hau tudu, shokazoba ce take kokawar dawo da shi ƙasa. In ya yi sauƙi, tayar tana komawa kwalta da wuri, motar ta fi natsuwa a hanya mai gargada. Kuma abu ne mai juyawa, injin yana biyan kuɗinsa sau biyu: ya tura shi gaba, ya kuma juya shi. Kilo ɗaya a can bakin taya kusan kilo biyu yake ci wajen tashi da tsayawa.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyom a zuba a mazubi. Shi ne mafi arha, mafi nauyi. Akwai wanda ake zubawa sannan a murza gangar jikinsa da zafi a miƙe ta, ta yi siriri ta yi ƙarfi. Enkei RPF1 daga wannan gidan yake, mai 17x8 yana wajen kilo 7, alhali na asalin 86 yana wajen kilo 9. Kilo biyu a kowace ƙafa ke nan. Sai na ƙira, wanda ake matse dunƙulen ƙarfe da injin mai ƙarfin dubban tan. Shahararrensu shi ne TE37 na kamfanin Rays, wanda ya fito a 1996, sunansa ma daga nauyin na farkonsa aka samo shi, kilo 3.7 a inci 15. Na ƙira ya fi kowanne, kuɗinsa kuma yakan ninka na tsakiya sau biyu ko uku. Ga motar gari, na tsakiyar ya wadatar.

Ka tuna faffaɗar taya ta fi nauyi. Daga 215 zuwa 245 kana iya ƙara kilo ɗaya ko fiye a kowace ƙafa, rabin ribar wilin ya tafi ke nan.

Babbar matsalar ita ce jabu. Duk wilin da ya yi suna an kwaikwaye shi, da sitika da komai. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani shago, mai shagon yana rantsuwa cewa na ƙira ne, daga Japan. Na roƙi a ara mini sikelin mai sayar da hatsi da ke maƙwabtaka, muka ɗora. Wilin da ya kamata ya tsaya ƙasa da kilo 8 sai ga shi ya haura 10. Da na juya bayansa, fatar ƙarfen tana da ƙuraje irin na zubi, ga layin mazubi a fili. Mutumin bai ƙara cewa komai ba, ni ma na yi sallama. Don haka ka nemi nauyin da kamfani ya bayyana kafin ka fita daga gida, ka je da sikeli. Duba tambarin JWL da VIA na gwajin Japan, amma kada ka dogara da su kaɗai, masu jabu ma suna bugawa. In na hannu ne, a ɗora shi a injin balansin a juya shi babu taya, idonka a kan gefensa. Wanda yake rawa ya lanƙwashe. Wanda aka yi wa walda a ƙafafunsa, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Yawancin wilin kasuwa ramin tsakiyarsu babba ne, wajen milimita 73, don su shiga motoci da yawa. Kana buƙatar zoben da zai cike tazarar zuwa 56.1, in ba haka ba sitiyari yana iya karkarwa daga gudun 100. Duba mazaunin noti ma: akwai mai tsini, akwai mai zagaye, akwai shimfiɗaɗɗe, kuma dole noti ya dace da ramin. Sannan ka gwada wili ɗaya a ƙafar gaba, babu taya, ka juya shi da hannu ka ga ko ƙafafunsa suna taɓa kalifar birki, musamman in motarka mai birkin Brembo ce.

Mataki na shida: karanta jikin tayar

Bayan girma akwai lamba da harafi. Ta asalin 86 tana ɗauke da 87W. 87 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 545, W kuma gudun kilomita 270 a awa. V 240 ne, Y 300. Ka hau sama in ka so, amma kada ka sauko ƙasa da na asali.

Akwai kuma lambar jimirin roba da dokar Amurka ta sa a rubuta, girmanta na nuna daɗewar robar kafin ta cinye. Masu 200, irin su Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052, damƙarsu ba a magana, amma suna ƙarewa da wuri, suna ƙara, ba sa son ruwan da ya kwanta. Na filin tsere ne. Masu wajen 300 su ne na mai fita kullum. Kusa da wannan lambar akwai darajar jure zafi, A ko B ko C. Wanda ya san kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba sai an ce masa ya ɗauki A ba.

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har lambobi huɗu na ƙarshe. 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya shekara huɗu take ba taya. Robar tayar gudu kuwa tana bushewa ko ba a hau ta ba, don haka sabuwa a leda mai shekara uku ba sabuwa ba ce. A cikin tayoyin Beljiyam kuma akwai masu hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Na hunturun Turai ne, robarsu tana yin laushi fiye da kima a zafinmu. Zanensu yakan yi kyau a ido, shi ne abin da ke yaudarar mai saye.

Mataki na ƙarshe: ɗaurawa da gwaji

Sauya huɗun a tare. Ka tsaya a kan mai faci yayin da yake aiki: wasu tayoyin suna da kibiyar da ke nuna inda za su juya, wasu suna da gefen waje da na ciki. In motar tana da na'urar auna iska a jikin bawul, a ciro ta a hankali a mayar a sabon wilin. A yi balansin. Noti kuma da hannu ake fara ɗaura shi, a bi su a tsallake kamar zanen tauraro, a ƙarasa da sifana mai awo a kan 120 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Daga nan sai wurin alaimen. Gaban 86 yana amfana da ɗan kwantar da kan taya ciki, wajen digiri ɗaya da rabi, yana hana gefen waje cinyewa a kwana, yana kuma ƙara tazara da madigadi.

Gwajin guga da alli ake yi. Shafa alli a kafaɗun tayoyin, ciki da waje. Murɗe sitiyari har ƙarshe hagu, ka yi gaba ka yi baya, sannan dama. Ɗauki mutum biyu ko uku ka hau tudun rage gudu a karkace. Sauko ka leƙa: duk inda allin ya goge, ko ya bar fari a jikin robar madigadi, nan ne ake guga.

Iska ka fara da 35 ɗin da ke jikin ƙofa, ba lambar da ke jikin taya ba, waccan iyakar ƙarshe ce. Da safe ake aunawa kafin motar ta motsa, domin kowane ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga geji da kusan ɗaya, abin da ka auna da sanyin Janairu ba shi za ka tarar a Afrilu ba. Sabuwar taya tana da santsin masana'anta, ka bi ta a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita. Bayan kilomita 100 na farko, koma kan notocin da sifana mai awo, ɗaya bayan ɗaya, dukkan ashirin ɗin.